"Ina gajiya?" "Ba gajiya"

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da hantsi wani bawan Allah ya zo shago karɓar ɗinki, yana tsaye yana jiran yaro ya gama goge masa kaftani sai hira ta kawo hira yake ba ni labarin yayansa, wai wata 4 kenan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo shi daga asibiti, baki ya dawo daidai, ƙafar ma ta fara takawa da sanda, amma mutum ya ƙi tashi, kullum yana kwance, da an ce taso a zagaya da kai sai ya ce ya gaji. Ya ce "wallahi Malam mun rasa yadda za mu yi da shi, son jiki kawai ya sa wa ransa." Na ajiye almakashi na jawo masa kujera na ce zauna. Mun fi minti 40 muna magana, kuma bayan ya tafi abin ya tsaya min a rai har dare, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ko da da yatsa ɗaya ne a waya, dan na tabbata ba gidansu kaɗai ake wannan rigimar ba.

Ni tela ne a nan Kano, shekara 22 ina kan keke. Ni ma ciwon nan ya same ni a azumin 2023, cikin goman ƙarshe, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san abin da goman ƙarshe take nufi a wajen tela, kwana a shago, sahur a kan teburin yanka, waya ba ta hutawa, kowa nasa yake so kafin sallah. Na san ina da hawan jini tun shekara 3 kafin nan, an rubuta min magani na sha na wata 2 na ji garau na watsar, kaman yadda da yawanmu muke yi. Wajen ƙarfe 2 na dare ina saka hannun wata riga sai na ga yadin yana ta zamewa daga hannuna na hagu, in kai hannu in kamo ya ƙi kamuwa, na juya na ce wa yarona ya miƙo min ruwa sai na ga ya zaro ido yana kallona, ashe bakina ya karkace maganar ma ba ta fita daidai. Na yunƙura zan tashi kawai na tafi luu ta ɓangaren hagu.

Gida aka fara kai ni ba asibiti ba. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, wasu na cewa iska ce ta buge ni dan daren ya yi nisa. Ban riƙe kowa a raina ba, ƙauna ce ta sa, amma sai da hantsi ya dubi ludayi aka kai ni asibiti, kuma daga baya ne na san cewa awannin farkon nan su ne jari, dan in gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa akwai allurar narka shi da ake yi cikin awa 4 da rabi, kuma sai an yi hoton kai ake gane toshewa ce ko fashewar jijiya. Nawa toshewa ce. Kwanana 11 a gado, a can na ji kabbarar idi ta taga. Ba wannan ne labarin da na zo bayarwa ba, amma dan Allah in kun ga bakin mutum ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a yi ta addu'ar a cikin mota ana tafiya asibiti.

Abin da na zo faɗa shi ne abin da ya biyo baya, wanda ba a gani da ido. Hannu da ƙafa kowa na ganinsu, in ka ja ƙafa an gani an ce sannu, in kofi ya suɓuce maka an gani an ce sannu. Amma akwai wata gajiya da take zuwa tare da ciwon nan wadda ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin irinta ba, kuma ni ba baƙon gajiya ba ne, na sha yin kwana 2 a zaune a kan keke. Waccan gajiyar ta aiki na santa, ka ci tuwo ka watsa ruwa ka kwanta, gari na wayewa ka tashi garas. Wannan kuwa sai ka yi barcin awa 9 ka farka kaman ka kwana kana sauke buhunan siminti daga tirela. Kuma ba ta sallama, kana zaune lafiya ƙalau ana hira da kai sai kawai ka ji ɗif kaman an ɗauke wuta, kai ya yi nauyi, idanu su ƙi buɗuwa, maganar da ake yi kana jinta amma ba ta shiga, ƙafar da ɗazu take takawa ta koma jan ƙasa, har bakin ma sai ka ji ya fara nauyi kaman ranar farko. Karon farko da ta min haka na ɗauka ciwon ne ya dawo, na fara kalmar shahada.

Wanka ma aiki ne. In na shiga banɗaki da kujerar roba, in cire riga da hannu ɗaya, in cuɗa jiki, in ɗauraye, in goge, in saka wata rigar, to wallahi shikenan na gama aikin safiyar ranar, sai na kwanta awa guda kafin in iya karyawa. Mai ɗakina takan tsaya a bakin ƙofa da kofin koko a hannu ta ce "Malam ko in ajiye sai an jima?" sai dai in ɗaga mata hannu, bakin amsawa ma babu.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne 'yan dubiya. Allah Ya saka wa kowa da alheri, zumunci ne kuma lada ne, kuma mutanen da suka zo min ba zan taɓa mantawa da su ba. Amma a watannin farkon nan babu abin da yake ƙarar da ni kaman ɗaki ya cika da mutum 6 ko 7, wannan na gaisuwa wancan na tambayar yadda abin ya faru, ka sake ba da labarin karo na 10 a rana ɗaya, wani na waya a gefe, yara na shiga suna fita, ga rediyo a tsakar gida. Ina kwance fa, ko yatsa ban ɗaga ba, amma in suka tashi sai in ji kaman na yi tafiyar ƙasa daga nan zuwa Wudil. Wa zai yarda cewa sauraron hira na gajiyar da mutum? Ni ma kafin ta same ni da ba zan yarda ba.

A gidanmu sai aka rabu biyu a kaina. Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya, ita tata dokar ita ce in kwanta kawai. Ko kofi na miƙa hannu zan ɗauka sai ta ce "kai ɗan nan bari a miƙo maka, ina kake so ka kai kanka?" Ta hana ni ko fitowa tsakar gida wai kar iska ta sake buge ni. Ƙanena kuwa, wanda shi ya ɗauki nauyin kai ni gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, sau 2 a sati a adaidaita sahu yana barin nasa neman, shi gani yake na sangarce. Wata rana ya zo da sassafe za mu tafi na ce masa yau dai ba zan iya ba, ya tsaya ya dube ni ya ce "Yaya, gaskiya kai ma ba ka taimakon kanka, namiji ne fa kai, ga wani can da aka kwantar da ku tare har ya koma kasuwa." Bai faɗa da mugunta ba, kuɗinsa da lokacinsa yake zubawa, amma maganar ta soke ni sosai, dan ni kaina na fara zargin kaina, ina cewa anya ba lalaci ne ya shige ni ba?

To sai na ce bari in nuna musu. Juma'ar da ta biyo baya na tashi na ji dama-dama, na yi wanka na sa manyan kaya na ɗauki sanda na ce da ƙafa zan je masallacin Juma'a, tafiyar da a da minti 10 take ɗaukata. Cikin ranar nan ta Kano na je, na tsaya aka yi sallah da ni a tsaye, aka yi ta gaisawa ana barka da arziki, na dawo da ƙafa ina jin kaina a sama. Kwana 3 na yi ban iya fita ko ƙofar ɗaki ba, gashin Litinin ma bai yiwu ba. Inna ta ce kun gani ko, ai na faɗa. Ƙanena ya ce ai tunda ya iya zuwa masallaci ranar Juma'a to ƙarfin yana nan, ganin dama ne. Kowa ya samu hujjarsa a jikina. Haka na yi ta yi kusan wata 2, ranar da na ji ƙarfi in kwashi aiki kaman zan rama kwanakin da na rasa, sannan in zube kwana 2 ko 3, in tashi in sake, gaba ba ta ci ba baya ba ta tsaya ba.

Wadda ta warware min abin wata likitar gashi ce da aka canza min a wata na 3, yarinya ce ma a kaina, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ina zama ta ce "Malam ina gajiya?" na ce "ba gajiya." Ta yi murmushi ta ajiye biro ta ce "a'a Malam, ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake, ya gajiyar take?" Wallahi sai da na yi shiru. Kun ga mu Hausawa tun muna yara an koya mana amsar nan, ina gajiya, ba gajiya, ko gajiya ta bi lafiya, mutum ko zai faɗi ne ba zai ce akwai gajiya ba. Wata 3 likitoci da ma'aikatan jinya da 'yan uwa suna ce min ina gajiya ina ce musu babu, alhali ita ce babban abin da yake cina. Ranar na buɗe baki na faɗa mata komai, wankan, 'yan dubiyar, Juma'ar nan, har da maganar ƙanena, shi kuma yana zaune a gefe yana ji.

Ta ce wannan gajiyar sananniya ce a wajensu, tana cikin ciwon, kuma kusan rabin waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki suna fama da ita, wasu watanni wasu shekaru. Ta ce ba ta bin girman ciwon, wani nasa ɗan kaɗan ne ya warke sumul ba mai gane ya taɓa yi amma gajiyar ta hana shi sakat, wani kuma nasa ya fi tsanani amma bai santa ba, saboda haka kwatanta ni da wanda muka kwanta tare bai taso ba. Yadda ta min bayani, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya samu rauni, sauran sassan ne suke ƙoƙarin koyon aikinsa, abin da a da yake tafiya da kansa ba tare da ka sani ba, ɗaga ƙafa, riƙe cokali, bin zancen mutum biyu lokaci ɗaya, yanzu sai an yi shi da lissafi, kowane taku sai ƙwaƙwalwa ta tsaya a kansa. Ga kuma jikin kansa, mai jan ƙafa yana iya ƙona kusan ninki 2 na ƙarfin da mai lafiya yake ƙonawa a tafiya iri ɗaya. Sannan ta juya kan maganar Inna, ta ce kwanciyar ma ba magani ba ce, tana ƙara ta ne, dan duk kwanan da mutum ya yi a gado tsoka tana zubewa, zuciya da huhu suna rage ƙwari, sai ɗan abin da kake iyawa jiya ya gagare ka gobe, ka ƙara kwanciya, ya ƙara gagararka.

Kafin komai sai da ta mayar da ni wajen likitan da yake dubana a bincika ko akwai wani abin da yake ƙara wa gajiyar nauyi wanda ake iya gyarawa, ƙarancin jini, suga, ko wani daga cikin magungunan da nake sha, ko irin minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci mutum bai sani ba ya wayi gari a gajiye. Ta ja min kunne kar in kuskura in daina wani magani da kaina dan ina zargin shi ke sa ni kasala, in faɗa wa likita shi zai san abin da zai canza. Ta kuma tambaye ni batun damuwa kai tsaye, ko ina kuka ni kaɗai, ko na daina jin daɗin komai, ta ce kusan 1 cikin 3 na masu ciwon nan suna shiga ciwon damuwa kuma shi ma yana da magani. Gaskiya na yi kukan, ba sau ɗaya ba, mutum yana da iyali da haya da kuɗin makaranta kuma masu kawo ɗinki sun fara komawa wani waje. Amma na lura da bambanci a jikina, ranar damuwa ba na son yin komai, ranar gajiya kuwa ina so, zuciyata na shago, jikin ne da kan suka ce a'a.

A adaidaita muna dawowa ƙanena bai ce uffan ba har muka kusa gida, sannan ya ce "Yaya ka yafe min." Shi ne ma daga baya ya zama mai binciko min abubuwa a intanet yana karanta min. Shi ya nemo labarin wani babban bincike da aka jagoranta daga Ostareliya, AVERT sunansa, sakamakonsa ya fito a 2015, an yi shi a kan marasa lafiya sama da 2,000, aka gano waɗanda aka matsa wa da tashi da motsi mai yawa tun cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba bayan wata 3, kuma da aka ƙara duba alƙaluman sai aka ga motsi gajere-gajere ana maimaitawa ya fi dogo a lokaci ɗaya. Wannan maganar kwanakin farko ne a asibiti, amma ni da na ji sai na ce ai abin da jikina yake faɗa min kenan tun tuni.

Ni dai da yaren sana'ata na fahimci abin. A da ƙarfina kaman bandir ne, in yanka yadda na ga dama ban taɓa tunanin zai ƙare ba. Yanzu kullum da safe yadi 3 ake miƙo min, wata rana ma 2 da rabi, kuma wanka yana cin nasa, gashi yana cin nasa, baƙi suna cin nasu, ɓacin rai ma yana ci sosai. Wanda aka ba yadi 3 ya ce sai ya fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando, ƙarshenta ba rigar ba yadin. Kuma ko wane tela ya san ba a sa almakashi sai an auna an zana da alli. Sai na ɗauko wani tsohon littafin awo na shago na mayar da shi littafin gajiya, kamar yadda likitar gashin ta ce in yi, in rubuta lokaci, abin da na yi, da makin gajiyar daga 0 zuwa 10. Sati 2 kawai na ga zanen ya fito fili, daga bayan asuba zuwa wajen 11 na safe nan ƙarfina yake, daga azahar zuwa la'asar ba ni da amfani musamman lokacin zafi, bayan magariba in ɗan farfaɗo. Na kuma ga cewa in na wuce gona da iri yau, ba yau nake biya ba, gobe ne da jibi.

Daga nan muka tsara. Duk wani abu mai nauyi ya koma safe. Hutu kuma na daina jira sai na zube, ina yinsa tun kafin, minti 20 ko 30 a ɗaki shiru ba waya ba rediyo, dan na gane kwanciya kana latsa waya ba hutu ba ne a wajen ƙwaƙwalwa. Barcin rana na rage shi bai wuce awa ɗaya ba saboda kar ya cinye na dare. 'Yan dubiya mai ɗakina ta ɗauki nauyinsu, cikin ladabi take cewa ya ɗan kwanta amma bayan magariba yana zaure, kuma ba wanda ya yi fushi.

Motsa jikin kuwa da abin da ya yi kama da wasa muka fara. Tashi daga kujera in zauna sau 5, safe da yamma, ba tare da na ja jikina da hannun dama ba. Tafiya daga ɗaki zuwa zaure in dawo. Da na fara fita waje sai na riƙa ƙirga falwayar layinmu, satin farko falwaya 1 in juyo, kuma dokar ita ce ko na ji zan iya 5 to a 1 zan tsaya, wannan ya fi komai wuya wallahi, ka ji ƙarfi a jikinka ka juyo gida. In sati ya cika ban zube ba sai a ƙara ɗaya. Ma'aunin da likitar gashin ta ba ni mai sauƙi ne, in ina tafiya in riƙa yin tasbihi a bayyane ko hira da wanda ya rako ni, in numfashi ya ɗan ɗaga amma magana na fita to daidai ne, in na kasa ƙarasa jimla to na yi sauri. In kuwa na ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko wani sabon rauni a jiki, in tsaya nan take a nemi likita. Na sayi na'urar awon jini ina aunawa kafin in fita. Ta ce inda ake so a kai, kamar yadda ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2014 ga masu irin ciwonmu, shi ne minti 20 zuwa 60, kwana 3 zuwa 5 a sati, kuma ana iya gutsura shi minti 10 10, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 ko 3. Ranar da ta faɗa na ji kaman ta ce in je Makka a ƙafa. Wata 5 na ɗauka kafin in kai minti 20 a jere.

Abin da ban zata ba shi ne tafiyar da nake tsoron za ta cinye min yadin ita ce ta riƙa ƙara min shi. Ba a sati ɗaya ba, ba a wata ɗaya ba, amma ina duba littafin nan sai na ga makin wanka ya sauko daga 8 zuwa 5 zuwa 3, barcin dare ya gyaru, cin abinci ya dawo.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na sa aka kawo min tsohon kekena na ƙafa gida, wanda na koyi ɗinki da shi, na tambayi likitar gashin ta ce in gwada minti 3. Ba zare ba yadi, na cire allurar ma, na ɗora ƙafa biyu a kan matakin, ta dama tana ja ta hagu tana bi. Da farko ta hagun zamewa take, sai na sa hannu na gyara ta. Amma da na ji ƙarar nan ta keke a ɗakina bayan wata 6, sai ga hawaye, Inna tana bakin ƙofa ita ma tana share nata, kuma ranar ba ta ce in bari ba. Hannun hagu kuma da maɓallai na yi masa makaranta, in zube su a faranti in riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya ina sawa a gwangwani, manya tukuna sannan ƙanana. Minti 10 na wannan tsintar yana gajiyar da ni fiye da falwaya 4, shi ma sai da na sa shi a lissafi.

Abu biyu da zan roƙi masu jinya, dan na ɗanɗana. Kar a riƙa ɗaga mara lafiya ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar ba ta da tsokar da za ta riƙe ta, tana iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai hana shi barci wata da watanni. Sannan gashin ruwan zafi da ake yi a gida a yi hattara, ɓarin da ya shanye wani lokaci ba ya jin zafi daidai, ni har yau akwai tabo a ƙaurina na tawul ɗin da aka ɗora min ina cewa a ƙara zafi ban ji ba.

Sallah a zaune na yi ta yi, kuma da farko abin yana damuna har sai da limaminmu ya tuna min hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Daga baya sallar ce ma ta zama ma'aunina, na fara da tsayuwa a raka'ar farko kawai, sai biyu, sai ruku'u ina dafa bango. A wata na 8 na kai goshina ƙasa, na daɗe ban ɗago ba.

Yau shekara 2 da ɗoriya. Ina zuwa shago 8 na safe in tashi 12, ni nake awo da yanka, yara su ɗinka, in duba. Ɗinkin sallah ina rufe karɓa tun farkon azumi ko nawa za a ba ni, wasu sun ji haushi sun tafi, wasu sun tsaya. Magani ko na kwana ɗaya ba na tsallakewa, dan binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da nan Kano, wanda ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne ke bayan kusan 9 cikin 10 na ciwon nan a wajenmu, ya kuma ambaci rashin motsa jiki da barbaɗa gishiri a abinci da ƙarancin cin ganye, shi ya sa zogale da rama da alayyahu ba sa yankewa a gidana yanzu. Gajiyar ba ta tafi duka ba, kar in yi muku ƙarya. In aka yi biki ko rasuwa na wuni cikin mutane, na san gobe ba ni ba shago, kuma ina faɗa tun da wuri. In wanda ya san halina ya ce ina gajiya, yanzu nakan ce masa akwai ta yau, ko in ce yau da sauƙi.

Bawan Allahn nan na jiya duk wannan na zayyana masa, na ce ya koma gida ya zauna kusa da yayansa su biyu kawai ya tambaye shi ya gajiyar take, kuma ya yi shiru ya saurara, sannan in sun koma asibiti su faɗa wa likita da bakinsu kar su jira a tambaya. Ya ce zai kawo min shi mu gaisa, ko da yamma ne in ya taso daga kasuwa. Na ce a'a, Asabar ƙarfe 9 na safe, a adaidaita ba da ƙafa ba, kuma minti 20 za su yi su koma. Na riga na ce wa yara su kashe rediyo ranar, kujera mai hannu kuma na sa an ajiye masa a bakin ƙofa inda iska take shigowa.